Ƙofofin Daji

Ubana mahauci ne, Modi na Kasuwar Daji,
hannunsa ya san hanta kamar makaho da sandarsa.
In ya ga tabo a jikinta sai ya kira ni:
"Luba, taho ki gani. Wagga ba ta saidawa."
Ya jefa wa angulu, ya goge wuƙa a cinya.
In ce, "Baba, me ya shiga cikinta?"
Ya ce, "Allah ya sani. Miƙo mini yaji."

Damina biyu baya, tasa hantar ta yi tabo.
Aka ce sammu, aka ce shawara,
ya sha saiwa, ya sha rubutu, cikin na ta hawa
har mazagin wandonsa ya ƙi haɗuwa.
A asibitin koyarwa suka tsakuri tsoka kamar ƙwayar gero,
suka ce mu jira sakamakon gwaji.

Takardar ta iso ran sadakar bakwai.
Layi uku, ban gane ko ɗaya ba
sai sunansa, shi ma an rubuta shi a karkace.
Likita ya sauke tabarau ya fassara mini
da kalma biyu: ciwon daji.

Yau ga ni a shagon cike fom a Runjin Sambo,
rana ta narka kwalta, janareta na tari,
yaron shago ya ɗora yatsa: "Wane kwas?
Yi sauri, akwai layi, ga masu caji."

Kawu Jabbi ya ce likitanci, babu shawara,
a dinga cewa Dakta Luba har Dundaye ta ji.
Inna ta ce harhaɗa magani, ko ba komai
kya buɗe shago, tukunya ta hau wuta,
ki daina kwana kan littafi kamar kaza kan ƙwai
alhali ba a ga kaji.

Ba su san makon jiya na koma asibitin ba,
neman idon da ya kalli tsokar ubana.
Can ƙurya, bayan inda ake shanya zannuwan gado,
na sami Malama Ige, yatsunta duk rini.
Ta matsa, ta ba ni madubin ƙara girma.
Na ga ja da shunayya kamar sabuwar atamfa,
sai ƙwayoyi cunkus, sun manta layi,
awaki sun ɓalle, makiyayi na barci.
Abin da ya kayar da ƙato ke nan,
bai kai girman ƙurji.

Na ce, "Wane digiri ke kawo mutum nan?"
Ta yi dariya: "Daji ba shi da gambu guda.
Wani ta likitanci ya shigo, wani ta sinadaran jiki,
na san wata da lissafi kaɗai ta zo.
Likita na tambaya me zai ba mara lafiya,
mu muna tambaya me ya sa.
Amma ki sani, albashin bai taka kara ya karya ba,
a ɗauke wuta samfurin wata shida ya narke,
ki shekara goma kina haƙar rami ɗaya
ki iske babu maciji."

Yaron shago ya buga tebur. Na ce, "Bayokemistiri."
Ya ce, "Wannan ai na waɗanda likitanci ya ƙi ne.
In sa shi na biyu?"
Na ce, "Na farko." Muryata ta yi rawa,
na maimaita don ni ma in ji.

Da la'asar na ratsa ta kasuwa.
Wani ne a teburin, bai san ni ba.
Na sayi hanta ta ɗari biyar, na juya ta,
na duba gaba, na duba baya,
yana kallona kamar mai taɓin hankali.
Ran jana'iza na ji mahauta na faɗi
wai Modi ya tafi bai bar magaji.